Tsohuwar motar soja: M35, Bilhodi, Unimog ko Roka, wacce za ka iya tayarwa?

Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gida ya san lissafin. Kullum dawa, kullum harawa, ga kanwa, ga yaron da zai share turke, kuma duk wannan ɗawainiya don hawan 'yan kwanaki ne a shekara. Masu tayar da tsofaffin motocin soja a Amurka da Turai irin wannan kiwon suke yi, sai dai nasu dokin na ƙarfe ne, mai tan biyar ko shida. Mutum zai sayi motar da sojoji suka yi gwanjonta, ya kwance ta noti-noti a bayan gidansa, ya shekara biyu ko uku yana kankare tsatsa, sannan ya fito da ita fes kamar ranar da ta bar masana'anta. Ba lodi zai yi da ita ba, ba haya zai bayar ba. Taro zai kai ta a yi kallo. A Amurka masu wannan sha'awa suna da ƙungiya mai suna MVPA tun 1976, a Ingila akwai Military Vehicle Trust, kuma a da an yi shekaru ana babban taron irin waɗannan motoci a Beltring da ke yankin Kent.

Ni bakaniken manyan motoci ne, mahaifina kuma direban Bilhodi ne mai bodin katako, don haka cikin warin gas da baƙin mai na buɗe ido. A shekara guda mutum biyu suka kawo mini tambaya iri ɗaya. Na farko ƙanena da ke aiki a Amurka. Na biyu wani Alhaji da ya yi ritaya, yana da katangaggen fili a bayan Kano, kuma zaman gida ya ishe shi. Kowannensu cewa ya yi, wace motar soja zan saya in tayar? Amsar da na ba wannan ba ita na ba wancan ba, domin su a hoto suke zaɓe, ni kuwa abin da nake dubawa shi ne, ranar da robar birki ta fashe, kwana nawa za a yi kafin wata ta zo hannu.

M35, wadda kowa ke fara so

Ita aka saba gani a hotunan yaƙin Biyetnam: dogon hanci, taya goma, tamfol a baya. Kamfanin REO ne ya zana ta a 1949, ta gaji GMC CCKW ta yaƙin duniya na biyu, wadda aka ƙera fiye da 560,000. Daga baya Studebaker da Kaiser-Jeep da AM General duk sun ƙera ta. Sojojin Amurka suna yi mata laƙabi da "biyu da rabi", saboda tan biyu da rabi aka ƙayyade mata a daji, a kan kwalta kuwa tana ɗaukar ninkin haka. Aksul uku gare ta, dukkansu suna ja.

Wadda ta fi yawa a hannun farar hula ita ce M35A2, mai inji silinda shida, lita 7.8, ƙarfin doki wajen 130. Abin da ya ɗaga sunan injin shi ne ba ya zaɓen abinci. Gas, kananzir, man jirgi, in ta ɓaci har fetur yana sha. A nan sababbin shiga ke ruɗewa. Sai ka ji mutum yana cewa zai riƙa tace baƙin man da aka juye daga wasu motoci yana ɗura mata kyauta. Tana iya sha, amma famfon injekta ne zai biya bashin. Sojoji sun nemi wannan hali ne don ranar da gas ya yanke a fagen daga, ba don ya zama abincin kullum ba. Akwai ma wata 'yar na'ura a jikin famfon da ke daidaita mai gwargwadon kaurinsa, in ta tsufa sai ta riƙa tsiyayar da gas cikin baƙin mai. Ka zaro geji ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu. Da yawa daga cikin masu motar kewaye na'urar suke yi da bututu su huta.

Ita na ce ƙanena ya saya, kuma da na kai masa ziyara na shiga cikinta da kaina. Ba ta da makulli. Ka murɗa lifa, ka danna maɓalli, inji ya kama, sai wata ƙararrawa ta dame ka da ihu har iska ta taru a tanki. In za ka kashe, wani mariƙi za ka ja ya yanke mai. In za ka bar ta a waje, sarƙa da kwaɗo za ka sa wa sitiyari. Giyarta biyar ce, amma ta huɗu da ta biyar sun yi musayar wuri, don haka a kwanakin farko hannunka zai riƙa yi maka gardama. Sitiyarin ba shi da fawa, in tana tsaye sai ka sa ƙirji. Ƙara kuwa ba a magana, har gargaɗi aka manna a ciki cewa a toshe kunne. Tana kai kilomita 90 a awa, amma wanda yake son injinsa ba ya zama a can.

A wannan ziyarar na ji kunya. Mun zo cire tayar gaba ta hagu, na ɗauki wil-sifana na sa dogon bututu na hau da ƙafa, noti ya ƙi motsi. Na ƙara hawa. Ƙanena yana tsaye ya kasa magana, can dai ya ce, "Yaya, na wannan gefen baibai suke kwancewa." Ashe ɗaurewa nake ƙara yi. Notocin tayoyin hagu na M35 zarensu na hagu ne. Shekara ashirin da ɗoriya ina sana'a, yaron da na koya wa riƙon sifana ya gyara mini.

Amma abin da ya kamata mai sayen M35A2 ya ji tsoro ba inji ba ne, birki ne. Iska ce ke taimaka wa mai, kuma a yawancinsu layi ɗaya ne tal ke kai mai ga ƙafafu shida. Tiyo ɗaya ya fashe, ko roba ɗaya ta saki, birki ya tafi gaba ɗaya, ga ka a cikin ƙarfe mai kusan tan shida ba lodi. Birkin hannu ɗan ganga ne a bayan giya, don ajiye mota aka yi shi, ba don tsayar da ita tana gudu ba. Saboda haka aikin farko, kafin fenti, kafin kujera, kafin komai, shi ne a buɗe ƙafafu shida, a sauya robobi da tiyoyi, a duba masta da ke ƙarƙashin wata 'yar ƙofa a daɓen direba. A kuma lura da irin man birkin: sojoji DOT 5 suke zubawa, mai siliki, wanda ba a gauraya shi da na gama-gari da muka saba.

To me ya sa na ce ya saya duk da haka? Domin yana inda uwarta take. Littattafan gyaranta na soja, jerin TM 9-2320-361, kyauta ne a intanet, kuma sun bi motar noti bayan noti da zane. Dillalan ragowar kayan soja suna da komai, daga gaskit har sabon aksul a akwatinsa. Ana sayar da irin waɗannan motoci a gwanjon gwamnati, kuma a jihohi da dama nauyinta bai kai wanda ake neman lasin direban haya a kansa ba. Wanda ba ya son wahalar kuloci yana iya neman M35A3, wadda aka sabunta a shekarun 1990 da injin Caterpillar 3116 da giyar Allison mai canza kanta, sai dai masu son tsohon abu suna cewa an cire mata ɗanɗano.

Kawo wannan motar Kano kuwa, ka ɗauko wa kanka dala ba gammo. Ka shiga Ƙofar Ruwa ka ce kana neman kayan famfon injekta na M35, za a yi maka kallon wanda ya yi ɓatan hanya. Notocinta ma na inci ne, sai ka sayi wasu sifanu daban.

Bilhodi

A nan zuciyata take, shi ya sa nake taka-tsantsan da bakina. Bedford, wato Bilhodi, ta yi zamani a ƙasar nan, tun ƙarshen shekarun 1950 ake haɗa ta a Apapa, kuma ita ta yi jigilar gyaɗa da goro da mutane kafin Marsandi ta ƙwace hanya. A ɓangaren soja, Ingila ta yi QL a yaƙin duniya na biyu, ta yi RL daga 1953 mai injin fetur lita 4.9, sannan MK daga 1970, wadda MJ ta biyo bayanta a farkon shekarun 1980. MK da MJ su ne mai sha'awa zai fi samu yau. Tan huɗu suke ɗauka, ƙafa huɗu ke ja, taya huɗu kacal masu girman 12.00-20, inji silinda shida lita 5.4 mai ƙarfin doki ɗari ko ɗari da 'yan kai. Giya huɗu ce, kuma da ƙyar take taɓa kilomita 80.

Kyawunta sauƙin kai. Babu wani abu a jikinta da bakaniken ƙauye ba zai gane ba. Taya huɗu ba taya goma ba ce, kuma duk wanda ya taɓa sayen tayar babbar mota ya san abin da wannan ke nufi ga aljihu. Ta fi M35 gajarta, ta fi ta sauƙin juyawa a lungu.

Aibinta biyu ne, na uku kuma namu ne mu kaɗai. Na farko tsatsa. Kan motar irin na Bedford TK ta farar hula ne, kuma damshin Ingila da gishirin da suke watsawa a titi lokacin sanyi suna cin daɓe da matakala da gindin gilashi. Na taɓa duba wata da aka yi wa sabon fenti tana ƙyalli, na ɗaga shimfiɗar roba ta ƙarƙashin ƙafar direba, na danna sukudireba, sai ga ƙasa ina hangowa. Mai ita ya ce ai ƙaramin aiki ne. Ƙaramin aiki a bakin mai sayarwa, wata uku ne a hannun mai walda. Kan kuma ba ya kifuwa gaba, injin yana ƙarƙashinsa, ta wasu murafu a bayan ƙofofi ake kaiwa gare shi, ka yi aiki a karkace kamar mai leƙen rijiya.

Na biyu, gidan ya watse. An daina ƙera manyan motocin Bedford a masana'antarta ta Dunstable da ke Ingila a 1986, kamfanin AWD ya karɓa a 1987, shi ma ya durƙushe a 1992, Marshall na Kambirij ya kwashi abin da ya rage. A Ingila har yanzu akwai masu tara kayanta, kuma motar da ta shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya, don haka wanda ke can bai yi asara ba in ya zaɓe ta. A nan gida kuwa, tsofaffin da suka san injin sun ƙare ko sun ajiye sifana, kayan ma sai an tona.

Na uku shi ne sitiyari. Yawancin na sojan Ingila a dama yake. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a Afrilun 1972, kuma doka ba ta yarda da rajistar mota mai sitiyari a dama ba. Akwai masu sitiyari a hagu, irin waɗanda sojojin Ingila suka yi aiki da su a Jamus, amma sai an nema. Juya sitiyarin babbar mota a gareji kuwa ba abin da zan ba ɗan'uwana shawara ba ne.

Unimog 404, ƙarama mai babban suna

In filinka bai kai ya kawo ba, ita ce kaɗai cikin huɗun nan da za ta shiga gida ba a rushe ƙofa ba. Tsawonta wajen mita biyar, nauyinta bai cika tan uku ba, tan ɗaya da rabi take ɗauka. Marsandi ce ta ƙera ta a Gaggenau da ke Jamus daga 1955 zuwa 1980, guda 64,242, fiye da rabi sojan Jamus ta Yamma ne ya saya. A daji babu mai kama ƙafarta. Aksul ɗinta ba a tsakiyar taya yake ba, a sama yake, wasu haƙoran giya ne a kowace ƙafa suke sauko da juyi, shi ya sa cikinta ya yi nisa da ƙasa da kusan santimita 40. Ga makullin aksul gaba da baya, wanda ke tilasta wa ƙafafu su juya tare ko da ɗaya tana lilo a iska.

Sai dai injin na ƙaramar mota ne: fetur, lita 2.2, ɗan gidan Marsandi 220, ƙarfin doki wajen 80. Ka hau tudu da ita ka ga mai keke yana neman wuce ka, ga shan mai fiye da lita 20 a kilomita 100. Filoginta na soja masu rufi ne da tsada, har mutane kan mayar da wutar irin ta farar hula. Canjin kuloci babban aiki ne, don sai an ɗaga kai ko an zaro inji. Waɗannan giyoyin ƙafa kuma, in aka manta da mansu, ranar da suka ci kansu babu mai su a Fanteka. Mota ce ta wanda ke Jamus ko maƙwabtanta, ko wanda ke da haƙurin jiran saƙo daga can.

Kafin in wuce, akwai biyu da ake yawan ambato mini. ZIL-131 ta Rasha ƙaƙƙarfa ce, sitiyarinta da fawa, ana rage ko ƙara iskar tayoyinta daga cikin mota, amma injin fetur ne silinda takwas lita 6, kuma shansa ya isa ya raba mutum da sha'awar. Berliet GBC ta Faransa kuwa tana da tarihi a yankinmu: motoci tara irin ta, waɗanda ake kira Gazelle, suka ratsa hamadar Tenere daga kudancin Aljeriya har Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, tsakanin ƙarshen 1959 da farkon 1960, kuma daga jikinsu aka fitar da GBC 8 KT ta sojan Faransa. Wanda ke Agadas ko Damagaram ya ci karo da gawarta, yana da hujjar tsayawa ya duba. Ni dai ban taɓa kwance injinta ba.

Roka mai ja da ƙafa huɗu

Da na ambata wa Alhaji ita sai ya ɓata fuska. Ya ce, "Haba Malam, motar itace da gawayi? Ni motar soja na ce maka." Na ce, "Alhaji, ka ba ni minti biyar."

Wannan gajeren hanci mai kumatu da muka raina, Marsandi ta fito da shi a 1959, kuma ta ci gaba da ƙera shi a Jamus don kasuwannin waje har 1995. Lambobin ma suna da ma'ana: 911 na nufin nauyin tan 9, mota da lodinta, da doki 110, 1113 na nufin tan 11 da doki 130. In ka ga LA a gaban lambar, to mai ja da ƙafa huɗu ce. Gaskiya ne ba don yaƙi aka fara zana ta ba kamar M35, amma LA 911 da LA 1113 sun yi aikin ɗamara sosai: dakarun tsaron iyakar Jamus ta Yamma, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, hukumar agajin gaggawa, da sojojin ƙasashe da dama. In kuma mutum ya nace sai wadda ta sa kaki tun daga haihuwa, akwai Marsandi 1017 A da sojan Jamus ya fara karɓa a ƙarshen shekarun 1970, mai ɗaukar tan biyar, kanta yana kifuwa gaba, injinta ɗan gida ɗaya ne da na Roka, an dai ƙara masa tobo ya kai doki wajen 170.

Injin nan shi ne duk maganar. OM 352, silinda shida, lita 5.7, tun 1964 yake aiki. Babu kwamfuta, babu wata na'urar da ke auna kaurin mai, famfon Bosch ne mai layi wanda kowane mai gyaran injekta daga Kano zuwa Maraɗi ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Shi ne ya ja manyan bas-bas ɗin molue a Legas shekara da shekaru, kuma masana'antar ANAMMCO ta fara haɗa motocin Marsandi a Inugu tun farkon shekarun 1980, don haka ƙasar cike take da kayan gidan. Fistin, ringi, metal, gaskit, nozul, famfon ruwa, faifan kuloci: ka je Ƙofar Ruwa da safe, ka dawo da su kafin azahar. In babu a nan, akwai a Fanteka ta Kaduna, ko Ladipo, ko Nnewi. Wanda ke Gana yana da Suame Magazine a Kumasi. Akwai sabo, akwai na Beljiyam, akwai ɗan Brazil da ɗan Turkiyya da ɗan Indiya, kowa da kuɗinsa. In ma injin ya mutu murus, OM 366 da ya gaje shi yana zama a wurin ba tare da an yi ta yanke-yanke ba. Shan manta wajen lita 20 ne a kilomita 100, ƙasa da na M35, wadda ke kaiwa 25 zuwa 30.

Ba na so in yi wa Alhaji zaƙin baki, don haka na gaya masa inda gizo ke saƙa. Rokokin da ke yawo a hanyoyinmu kusan duka masu ja da baya ne kawai. Abin da ya bambanta LA da su, wato aksul ɗin gaba mai ja, da farfelar gaba, da akwatin giyar da ke raba ja tsakanin gaba da baya wanda muke kira ogzilari, ba a zube suke a kasuwa ba. Saboda haka in za ka sayi LA, inji ne abu na ƙarshe da za ka damu da shi. Ka shiga ƙarƙashi. Ka kwance noti na juye man ogzilari ka tara a tafin hannu: in ka ga yana ƙyalli kamar an zuba garin azurfa, haƙora sun fara cin juna. Ka ɗaga gaba da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Ka sa ta a fowil a kan rairayi ka tabbatar ƙafafun gaba suna tona ƙasa, domin na ga wadda aka cire wa farfelar gaba tun tuni, ana sayar da ita da sunan fowil.

Sai casis. Motar da ta yi rayuwarta a nan ta ɗauki lodin da ya ninka ƙa'idarta, ba sau ɗaya ba ba sau dubu ba. Ka duba daidai bayan kai da wurin da sufirin ke ratayewa. In ka ga faci a kan faci, ƙarfe an ɗora an yi walda an shafe da baƙin fenti, ka yi sallama ka tafi. Waɗanda suka fito daga gidajen kwana-kwana na Jamus akasin haka ne: shekara talatin a cikin rumfa, tafiya kaɗan, casis kamar sabo. Amma zama ma ciwo ne. Robobi sun bushe, tayoyi sun tsattsage ko da zanensu bai goge ba, tanki ya tara dauɗa. Kuma farashinsu ya tashi, saboda Turawa masu yawon duniya suna rububinsu suna mayar da su ɗakin kwana. A shekarun 1970 da 1980 irin waɗannan matafiya sun riƙa gangarowa da su ta Tamanrasset zuwa Agadas.

Abin da ba a gani a hoto

Kowacce ka zaɓa, akwai kuɗin da ba ya cikin farashi. Taya ita ce ta farko. M35 goma ce da safaya, ka lissafa. Yawancin waɗannan motoci kuma rim ɗinsu mai zobe ne, irin wanda in bai zauna daidai ba aka ba shi iska, zoben ke tashi kamar harsashi. Ya kashe mutane. Ka kai wa mai facin manyan motoci da ya san aikinsa, a ɗaure da sarƙa ko a sa a keji, kai kuma ka matsa gefe. Batir biyu za ka saya wa M35 da Unimog, don wutarsu volt 24 ce. Jak ɗin ƙaramar mota ba ya ɗaga su, kuma ba a shiga ƙarƙashinsu sai an kafa ƙafafun ƙarfe ko manyan gungume. Ga rumfa, domin motar da aka kwance aka bari a rana da ruwan sama, damina biyu ta isa ta mayar da aikin baya. In ta mutu a hanya, ba abokinka mai Hilux ne zai jawo ta ba.

Sai maganar hukuma, wadda a wurinmu ta fi ta injin nauyi. Ba'amurke zai fenta motarsa kore, ya zana farin tauraro da lambar rundunar da ta yi aiki, ya shiga gari ana ɗaga masa hannu. A Nijeriya akwai dokar 1977 da ta hana farar hula hawa motar da aka yi wa fenti koren soja, kuma tana nan daram. Da halin tsaron da ake ciki a Arewa da Nijar, wanda ya tunkari shingen bincike da motar da ta yi kama da ta soja, ko da takardunsa sun cika, ya sayi dogon bayani. Shigo da kayan da ke da alaƙa da soja daga waje kuma yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro. M35 ko da wane launi ka shafa mata, siffarta tana faɗin asalinta daga nesa. Roka kuwa in ka yi mata shuɗi ko ja irin na kwana-kwana, sai wanda ya san mota ne zai lura da tsayinta da kaskon aksul ɗin gaba ya gane ba ta itace ba ce. In daga gwanjon wata hukuma ka saya, takardar gwanjon da ta kwastan su zauna a cikin motar, a leda, kwafinsu kuma a gida.

Alhaji ya yi wata biyu yana jujjuya maganar, yana turo mini hotunan M35 da tsakar dare. Daga ƙarshe muka samu LA 1113 a yadin wasu masu haƙar rijiyar burtsatse, ta shekara shida a tsaye, kaji suna ƙwai a kan kujerar direba. Casis lafiya, man ogzilari baƙi amma babu ƙarfe a ciki. Muka cire nozul shida, muka ɗura gas da ɗan baƙin mai a kowace silinda, muka bar ta kwana uku. Ran na huɗu na sa sifana a notin karanshaf na ja, ta motsa. Muka wanke tanki, muka sauya filta, na yi ta buga ɗan famfon hannu har kumfa ta daina fita. Bugu na uku ta kama, hayaƙi fari ya turnuƙe yadin, kajin suka watse.

Alhaji ya riga ya kama ƙofa zai hau. Na riƙe masa hannun riga na ce, "Alhaji, ba inda za ta je. Ba mu buɗe birki ba tukuna." Ya sauko yana dariya, ya zagaya ta sau biyu, sannan ya tambaye ni ko shuɗin da na ce mai duhu ne ko mai haske.